Lemun Tsamin da Aka Yi Wa Ɗura

Zuwa ga maigidana, Malam Kwalba,

Ina gaishe ka, amma gaisuwar yau 'yar kaɗan ce, don abin da ka yi mini bai cancanci mai yawa ba. Ina fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci, ba shaƙar hayaƙin kwalaben ɗakin gwajinku kaɗai ba. Ni dai gwiwar hagu tana ta surutu kamar kullum, ta dama ta yi shiru, ina jin shawara suke ƙullawa. Kawunka lafiya lau, har tumbi ya ƙara.

Kada ka ce me ya hana ni kiran ka a waya. Kunnena ya yi nauyi, kuma a waya kana katse ni da "to Kaka, to Kaka, ana jira na." A takarda ba ka da bakin katse ni.

Ƙaramin buhun nan da ka ba direban motar kaya ya iso, mai fararen ƙwayoyi kamar tsakin shinkafa. Direban ya dire shi a ƙofa ya ce, "In ji jikanki, abincin itacen lemu ne," ya ja motarsa. Na ce madalla, ashe yaron nan yana tunawa da itacen uwarsa. Ka dai san lemun tsamin tsakar gida. Marigayiya mahaifiyarka ce ta tsirar da shi a gwangwanin madara tun tana 'yar makaranta, ta dasa shi kusa da famfo. Ranar da aka zo zuba siminti ta tsaya a kansa tana kuka har magina suka bar masa fili kamar faɗin tabarma. Tun da ta rasu a gindinsa nake ajiye kujerata.

Ni ban saba ba baƙo abinci da cokalin shayi ba. Na tona gindinsa, na juye masa buhun gaba ɗaya, na mayar da ƙasa, na ɗan yayyafa ruwa, na ce ci ka ƙoshi, jikana ne ya aiko.

To zo ka ga ƙoshi. Ganyen ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone kamar an manta dutsen guga a kai. Ƙananan 'ya'yan da ya fara ɗauka duk sun zube, ina share su da tsintsiya ina tsine wa kwalabenka. Jiya Kawunka ya tsaya a kansa yana kaɗa makullin mota a yatsa, ya ce, "Inna, itacen nan fa ya gama. Busasshen itace gara yake jawowa gida. Dama ina neman inda zan kafa wa motata rumfa." Na ce masa motar tasa ta sa hula. Dariya ya yi, amma na san dariyarsa tun yana cikin zane. Ya riga ya yi magana da mai walda.

Duk shekarun nan da kake karatun tsirrai, abin da aka koya maka ke nan, ka aiko wa kakarka guba a buhu? Ka ba ni amsa da wannan direban. In itacen nan ya faɗi, na sake ka saki uku, ka nemi wata tsohuwar.

Kakarka, wadda ba ta yi maka murmushi.

*

Zuwa ga amaryata Kaka,

Na gaishe ki da kyau, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ina lafiya, ina kuma cin abinci.

Buhun gaba ɗaya, Kaka? Takin zamanin da zai ishi itacen nan shekaru? Na haɗa buhun da takarda, yanzu direban yake ba ni haƙuri wai ya tsince ta a aljihun ƙofar motarsa. A ciki na ce danƙi ɗaya, a barbaɗa nesa da gindi. Amma ko babu takarda, me ya hana ki tambaya? Halin nan naki ne na ɗura. Haka kike cika mini kwano ina yaro, ina kuka kina cewa saura loma ɗaya.

Ba guba na aiko ba. Ki zauna ki karanta wannan a hankali. Saiwar itace ba tiyo ba ce da ruwa zai bi ya wuce. An gina ta ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, su muke kira ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani, siriri fiye da na cikin ɓawon ƙwai, kuma duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya ratsa ta nan. Wasu abubuwan da kansu suke ratsawa, ba mai tura su, ba a kashe musu ƙarfi. Daga inda suka yi yawa suke gangarawa inda suka yi kaɗan, kamar yadda in kika fesa turare a ɗakinki ake jin sa a tsakar gida ba tare da kowa ya ɗauke shi ya kai ba.

Ruwa ma da kansa yake ratsa tantanin, kuma kullum ɓangaren da gishiri ya fi kauri yake nufa. A da, cikin saiwar ya fi ƙasar da ke kewaye da ita gishiri, shi ya sa ruwa ke shiga. Takin zamani kuwa dangin gishiri ne. Da kika juye buhu guda, ƙasar ta fi cikin saiwar gishiri nesa ba kusa ba, sai ruwan ya juya yana fita. Ƙishirwa ce ke ƙone itacen, Kaka. In kin ce ƙarya nake, ki yanka albasa ki barbaɗa mata gishiri ki ba ta ɗan lokaci.

Ga abin yi, yau ba gobe ba. Ki kwashe duk farin abin da hannu zai iya kaiwa. Ki saki ruwa mai yawa a gindin na 'yan kwanaki, ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi. Daga nan ki dakata, ki bar ƙasar ta tsane. Ki dakata, na ce.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Idan itacen nan ya mutu, ban ga abin da zan zo in kalla a tsakar gidan nan ba.

Jikanki.

*

Zuwa ga mai zuwa kallon itace,

Gaisuwa, tun da an ce dole ce. Gwiwa ta gode da addu'a. Yanzu kuma ƙirjina ne ke zafi, kai ka jawo.

Layin ƙarshe na takardarka na karanta shi da tabarau, na cire tabarau na sake karantawa, na kai shi bakin taga, bai canza ba. Ba ka ga abin da za ka zo ka kalla ba. Ni fa? Turmi ce ni da aka jingine a lungu? Ni da na goya ka har bayana ya lanƙwashe, na yi jinyar ƙyandarka, na ɓoye ka a bayan ƙofa ranar da ka fasa wa Kawunka madubin babur? Rabonka da gidan nan tun rasuwar mahaifiyarka. Kullum jarrabawa, kullum gwaji, ina ta kare ka wurin dangi ina cewa karatu ne. Ashe ganye kake jira ya kira ka.

To na ji. Tun da itace ne mai daraja, za ka same shi tsaye ko zan mutu a kai.

Albasar taka na yanka, ba don komai ba sai don in kama ka da ƙarya. Na barbaɗa gishiri na zauna ina harararta. Ba a jima ba ta fara zubar da hawaye a faranti, munafuka, ta goyi bayanka. Na gaya wa Kawunka cewa a cikin saiwa akwai ɗakuna masu labule, ruwa kuma ɗan kwaɗayi ne, duk inda gishiri ya fi yawa can yake tarewa. Ya dube ni ya ce, "Inna, kin sha maganinki kuwa yau?"

Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa na kwashe takin da tsohon murfin tukunya, har farcena ya yi fari. Na jona tiyo a famfo na sake wa itacen ruwa. Ka ga ikon Allah, zubar ganyen ta tsaya, waɗanda suka rage suka ɗan miƙe kamar mai zazzaɓin da ya ji ƙamshin girki.

Na ga inda ka ce in dakata, har sau biyu ka faɗa kamar kana magana da kurma. Amma wane mai hankali ne ke janye wa majinyaci magani ranar da ya fara buɗe ido? Kai da bakinka ka ce ƙishirwa ce. Na jera bulo na zagaye gindin, na liƙe ramukan da laka, na yi masa ɗan kududdufi don ruwan ya daina gudu kan siminti. Safe in cika, yamma in cika. Kawunka ya ce, "Kifi za ki kiwata ne, Inna?" Na ce, "Kai na kiwata, ban ga riba ba, bari in gwada kifi."

Ka ci gaba da zama da kwalabenka. In itacen ya warke zan sa a ɗauki hotonsa a aiko maka, ni sai in matsa gefe kada in ɓata maka hoto.

Turmin da ke lungu.

*

Malam Kwalba,

Ban san ko lafiya kake ba, tun da ba ka ga damar faɗa ba. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, in tare shi a ƙofa ya buɗe mini tafin hannu babu komai. In fushi kake yi, ka sani ni na riga ka, kuma nawa ya fi naka tsufa.

Itacen ya juya. Ganyen da suka miƙe yanzu sun zama rawaya kamar an tsoma su a ruwan kurkur, suna faɗowa ba iska ba komai. Abin da ya fi ba ni haushi, yana tsaye cikin ruwa har wuya amma yana yaushi kamar wanda bai taɓa ganin ruwa ba. Gindin yana wani wari irin na kwata. Sauro sun samu gidan haya, har jikoki sun yi. Ban ƙara masa ko ƙwayar taki ba, kada ka fara. Ka ce ƙishirwa, na ba shi ruwa. Yanzu me za ka ce? Ko ɗakunan naka masu labule sun kulle ƙofa sun tafi hutu irin naka?

Mai walda ya zo da abin awo. A gabana ya ja shi daga bango zuwa famfo, ya bi ta kan kujerata ina zaune a kai, ko sannu. Ƙarafan rumfa suna nan jibge a hanyar shiga, kullum sai na tsallaka su. Kawunka ya durƙusa a gabana da muryarsa ta lallashi ya ce, "Inna, ni ma ƙanwata ce. Amma abin da ya mutu ya mutu. Ƙarshen wata za a sare shi." Kofin da ke hannuna na jefa, ban same shi ba.

Ba don kai nake rubuta wannan ba, don itacen 'yata nake yi. In akwai sauran abu a cikin karatun nan naka ban da albasa, ka faɗe shi yanzu. In babu, ka yi shirunka, in sun gama zan aiko maka da guntun icce ka sa a kwalba.

Kakarka.

*

Kaka,

Ina gaishe ki a tsaye, don direba yana jira na a waje. Lafiyata ƙalau. Ba fushi na yi ba, an tura mu gonar gwaji ɗibar ƙasa, sai yau na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa.

Ki rushe bulon nan! Kafin ki ƙarasa karatun nan ki tashi ki rushe shi, ki buɗe wa ruwan hanya. Kin ceto itacen daga wuta kin jefa shi rijiya. Wai ke ba a taɓa ce miki ya isa ki ji ba?

Rannan rabin labarin na ba ki, ga sauran. Ba komai ne ke shiga saiwa da kansa ba. Sinadaran da itace ke rayuwa da su kaɗan ne a cikin ƙasa, a cikin saiwar kuma sun riga sun yi yawa. In an bar su ba za su shiga ba, fita ma za su so yi. Kin san motar haya da ta cika maƙil, kwandasta ya sa kafaɗa ya cusa ƙarin fasinja ya danna ƙofa? Haka ake yi. A jikin tantanin nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin masu aiki da ke kamo sinadaran ɗaya bayan ɗaya suna cusa su ciki da ƙarfin tsiya. Wannan aikin ba kyauta ba ne, ƙarfi yake ci. Saiwa tana samun ƙarfin ne in ta ƙona sukarin da ganye ke aiko mata, kuma ba ta iya ƙona shi sosai sai da iska. Iskar tana zaune ne a 'yan ramukan da ke tsakanin ƙasa. Da kika cika ramukan da ruwa safe da yamma, numfashi ya yanke, kwandastocin suka zube. Babu mai cusa abinci, ganye ya yi rawaya. Kuma sinadaran da suke cusawa su ne ke sa cikin saiwar ya fi waje gishiri har ruwa ya biyo, shi ya sa kika gan shi cikin ruwa yana yaushi. Warin da kike ji, saiwoyin da suka shaƙe ne suka fara ruɓewa.

In ruwan ya janye, ki samu siririn ƙarfe ki ɗan huda ƙasar nan da can, nesa da gindi, a hankali. Daga nan kada ki ba shi komai. Ba taki, ba toka, ba ruwan wanke-wanke. Sai kin tura yatsa cikin ƙasa ya fito a bushe, sannan bokiti ɗaya. Ban yi miki alkawarin zai tashi ba. Amma kafin a sa masa zarto, ki kankare ɓawonsa da farce. In kin ga kore a ƙarƙashi, da ransa.

Maganar layin nan kuwa, ba haka nake nufi ba, ke ma kin sani, kin dai samu sandar duka na ne. Ba ke ce ba na son gani ba. Ƙofar ɗakin mahaifiyata ce ba na iya kallo. Ina tunanin in na zo, a gindin itacen zan zauna kusa da ke in juya wa ƙofar baya. In babu shi ban san inda zan sa idona ba. Abin da na so in ce ke nan, haushi ya gutsure shi.

Jikanki, mijinki har yanzu, don ban karɓi sakin ba.

*

Zuwa ga maigida, shugaban kwandastoci,

Gaisuwa, an ɗan ƙara maka a kan ta rannan, amma kada ka saki jiki. Gwiwoyi biyu yanzu sun haɗa baki, sakamakon durƙuson da ka sa ni.

Na rushe bulon da ƙafata, ruwan ya kwarara har ƙarƙashin ƙarafan Kawunka, ban ce Allah ya sa su yi tsatsa ba, ban kuma ce kada su yi ba. Na huda ƙasar da tsinken saƙa. Sai kuma aikin da ya kusa kashe ni, wato zama. Ban taɓa sanin rashin yin komai yana da nauyi haka ba. In zauna ina kallon sa tsirara, famfo na kallo na, hannuna na ƙaiƙayi. Da na ga zan karya doka, na naɗe tiyon na ba Kawunka na ce ya kulle a bayan motarsa, ko na yi kuka kada ya ba ni. Na yi kukan, bai ba ni ba, ɗan banza mai biyayya. Yatsana kuwa ya shiga ƙasar nan har ya gaji, maƙwabta suna tsammanin wani abu na binne.

Ranar da Kawunka da mai walda suka zo da zarto na riga su zama a gindin. Na ce ba mai taɓa shi sai an duba. Kawunka ya ce, "Duba me, Inna?" Na ce, "Kwandastoci." Mai walda ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Na kankare reshen farko, busasshe. Na biyu, busasshe, har ya karye a hannuna. Na uku ma haka. Kawunka ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Inna, ya isa, kada ki wahalar da kanki." Na sauko ƙasa, gefen da ke kallon famfo, na sa farce. Idona ya cika, ban ga komai ba. Mai walda ne ya sunkuyo ya ce, "Iya, wallahi kore ne."

Kawunka bai yarda ba sai da ya durƙusa da farin wandonsa cikin laka ya kankara da makullin motar. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Ni na huda mata gwangwanin madarar da ƙusa." Ya tashi ya karɓi zarton, shi da kansa ya yanke busassun rassan, ya bar mai ran. Rumfar mota an kafa ta a waje, bakin ƙofa, rana tana dukan rabin motar, ni kuwa ko a jikina.

Yanzu itacen ya koma kamar wanda wanzami ya yi wa aski ya gudu bai gama ba. Reshe ɗaya ne tal, ya karkace. Amma a jikinsa wasu 'yan tsiro sun ɓullo, ƙanana kamar kunnen ɓera, masu sheƙi. Ina ba shi bokitinsa in yatsa ya yarda, ba ƙari. Ragowar abincin da hannuna ke son zubawa Kawunka nake ɗura wa.

Na karanta abin da ka ce game da ƙofar ɗakinta. Ni kullum ina kallon ta, ban mutu ba, kuma da mu biyu ne da ta fi sauƙin kallo. Ban huce ba tukuna, ka sani. Amma na riƙe karatunka. Ka ce akwai abin da ke shiga da kansa, akwai wanda sai an sa kafaɗa an cusa shi, in dai mai cusawar ya ci ya kuma sha iska. Na jira ka shigo da kanka kamar turare, ba ka shigo ba. To na ci, na sha iska a gindin itacena. Na gaya wa direba kujerar gaba taka ce a zuwansa na gaba. In ya iso babu kai, ni zan hau in zo, in kafa kujerata a ƙofar ɗakin gwajinku, in ba abokan aikinka labarin shekarun da na yi ina shanya katifarka a rana.

Na so in sa maka ganye ɗaya a cikin takardar nan, har na kai hannu, na fasa. Ba shi da na kyauta. Mai son gani ya zo. Na sa an ajiye kujera ta biyu, bayanta yana kallon ƙofar, in ka zauna sai mu juya ta a hankali.

Kakarka.